Igiyar Fremont: Nazari a Kan Abin da Ke Rayar da Himmar Ma'aikata da Abin da Ke Kashe Ta

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauki tarihin wata masana'antar haɗa motoci da ke Fremont a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda kamfanin General Motors ya rufe a 1982 bayan aiki ya lalace a cikinta, aka sake buɗe ta a 1984 da yawancin tsofaffin ma'aikatanta ƙarƙashin tsarin Toyota, ta zama zakara cikin ɗan lokaci. Hujjar takardar ita ce himmar ma'aikaci ta fi rataya a kan abin da yake tsammanin zai same shi idan ya ce akwai matsala, fiye da yadda ta rataya a kan halinsa ko a kan jawabin shugabansa. An auna wannan hujja da binciken da aka yi kan albashi da lada, da wani bincike kan ayyukan gwamnatin tarayyar Najeriya, an kuma duba sukar da 'yan ƙwadago suka yi wa tsarin.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a taron shugabannin ma'aikata ya san kukan da ake yi: yaran yanzu ba sa son aiki, sai an tsaya a kansu, kana juya baya su miƙe ƙafa. Maganin da ake kawowa ma sananne ne. A ajiye rajistar zuwa aiki a ɗauke ta ƙarfe takwas da kwata, a ba wanda ya makara takardar tuhuma, a ɗauko mai jawabin zaburarwa a yi kwana biyu a otal, a rataya hoton gwarzon ma'aikaci na wata a bakin ƙofa. Duk waɗannan dabaru sun taso daga zato guda, wato himma aba ce da ke cikin jinin mutum, wani na da ita wani ba shi da ita, aikin shugaba kuwa shi ne ya tsorata marar ita ko ya yi masa romon baka. Gwada wannan zato yana da wuya, domin a yawancin wuraren da aiki ya gyaru, an sauya mutane da tsari a lokaci ɗaya, ba a iya rabe wanda ya kawo gyaran. Abin da ya sa Fremont ta cancanci nazari shi ne a can an bar yawancin mutanen, an bar ginin, an bar ƙungiyar ƙwadago da shugabanninta, aka sauya salon shugabanci.

Fremont kafin rufewa da bayan buɗewa

General Motors ya buɗe masana'antar a farkon shekarun 1960. Kafin ta cika shekara ashirin ta yi ƙaurin suna a matsayin mafi muni a cikin masana'antun kamfanin. Fashin aiki yakan kai kashi 20 cikin ɗari, ya fi haka a ranakun Litinin da Juma'a, har akwai safiyar da ba a samun isassun mutanen da za a tada layi da su. Ƙorafe-ƙorafen da ma'aikata suka shigar ba a warware ba sun kai kimanin 5,000. Ana yajin aikin ba-zata, ana shan giya a bakin aiki, wasu kuma sukan jefa kwalbar lemo cikin ƙofar mota kafin a rufe ta, don ta riƙa ƙara ta dami wanda ya saya. Wanda ya ga wannan zai ce lalatattun mutane ne aka tara wuri ɗaya. Kamfanin ya rufe ƙofa a 1982.

A wannan lokaci Toyota na neman hanyar fara ƙera motoci a Amurka, General Motors kuma na son ya koyi yadda Japanawa ke yin ƙaramar mota mai inganci da riba. Suka haɗa jari suka kafa kamfanin da aka fi sani da NUMMI, tafiyar da aikin yau da kullum a hannun Toyota. Ƙungiyar ma'aikatan motoci ta UAW ta dage sai an dawo da mutanenta, Toyota ta amince bayan ɗari-ɗari. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na ma'aikatan farko tsofaffin 'yan Fremont ne, har da waɗanda suka jagoranci yaje-yajen aikin baya. An kwashi ɗaruruwa daga cikinsu zuwa masana'antar Toyota ta Takaoka a Japan, suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu. Motar farko, ƙirar Chevrolet Nova, ta fito a watan Disamban 1984. Cikin shekara biyu fashin aiki ya sauko zuwa kashi biyu ko uku cikin ɗari, yawan aikin da mutum ɗaya ke fitarwa ya zarce na kowace masana'antar General Motors, ingancin motocin kuma ya kusa kamo na Takaoka kanta. John Krafcik na jami'ar MIT ya auna waɗannan sakamako a tsakiyar shekarun 1980, Paul Adler na jami'ar Kudancin Kalifoniya kuma ya yi dogon nazari a kansu ya wallafa a 1993.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan mutum ɗaya ya jefa kwalba a ƙofar mota a 1981, ya koma mai kawo shawarar gyaran aiki a 1986, to dalilin halayen biyu yana wajen jikinsa, a cikin abin da ya kewaye shi.

Igiyar

A tsohuwar Fremont doka ɗaya ce ta fi kowace ƙarfi: ba a tsayar da layi. Ana auna manaja da foman da yawan motocin da suka fita ƙarshen layi, kuma duk mintin da layi ya tsaya asara ce da za a rubuta da sunan wani. Saboda haka idan ma'aikaci ya ga kusa ba ta ɗauru ba, ko an kawo masa kayan da ba na wannan mota ba ne, abin da ya rage masa shi ne ya bar ta ta wuce. Motar za ta ci gaba da tafiya ana ɗora wasu kaya a kan kuskuren, har ta isa filin gyara a ƙarshe, inda za a wargaza rabin aikin kafin a kai ga aibin, in ma an gano shi. A duba abin da wannan ke koya wa mutum sau ɗaruruwa a yini. Yana koya masa cewa kamfanin bai damu da ingancin aikinsa ba, cewa idonsa da hankalinsa ba su da amfani a nan, hannunsa kawai aka saya. Wanda aka yi wa wannan karatu shekara goma, ba abin mamaki ba ne in ya daina zuwa ranar Litinin.

Toyota ta shimfiɗa igiya a saman layin, daidai inda hannun kowa zai kai, wadda ake kira igiyar andon. Ma'aikaci ya ga matsala, ko ya ga ba zai gama aikinsa kafin motar ta wuce shi ba, sai ya ja. Fitila ta kama a wani allo mai nuna lambar wurinsa, wani ɗan kiɗa ya tashi, shugaban rukuninsa ya taho da gudu. Layin ba ya tsayawa nan take, yana ci gaba har motar ta kai wani ƙayyadadden wuri. In an warware matsalar kafin nan, shugaban rukunin ya sake jan igiyar, aiki ya ci gaba ba wanda ya tsaya. In ba a warware ba, layi ya tsaya. Yawancin ja ana gamawa da su ba tare da tsayawa ba. Rukunin kansa ƙarami ne, mutum biyar ko shida, kuma shugabansa ɗan ƙungiyar ƙwadago ne da ya iya aikin kowa a cikinsu, yana iya karɓar wanda ya fita ko ya kama wa wanda aiki ya sha wa kai.

Masu yawon buɗe ido na masana'antu da yawa sun ga igiyar sun koma gida sun rataya irinta, ba ta yi musu komai ba, domin igiyar ita ce mafi arha a cikin tsarin. Mai tsadar shi ne mutumin da ke tahowa cikin daƙiƙoƙi, da kuma abin da ke fita daga bakinsa in ya iso. Idan tambayarsa ta farko ita ce wa ya yi wannan, igiyar ta mutu daga ranar, ko da tana nan a rataye. Idan tambayarsa ita ce me ya faru, me kake buƙata, to ma'aikacin ya koyi cewa bayyana matsala wani ɓangare ne na aikinsa. John Shook, Ba'amurken da ya yi aiki da Toyota a Japan kuma ya taimaka wajen shirya horon ma'aikatan NUMMI, ya rubuta a 2010 cewa darasin da ya ɗauka shi ne ba a fara da sauya tunanin mutane, ana fara da sauya abin da suke yi a kullum, tunanin ya biyo baya. Wannan ya saɓa wa yadda yawancin shugabanni ke tunkarar lamarin, su da ke fara da taron wayar da kai da allunan taken kamfani a bango.

Akwai abu na biyu da ba a cika ambata ba. A ƙarƙashin General Motors, gomman injiniyoyi ne ke yawo da agogon auna lokaci suna tsara wa ma'aikaci yadda zai motsa hannunsa, shi kuma yana rage sauri da gangan duk lokacin da ya hango su. NUMMI ba ta jefar da agogon ba, ta miƙa shi ga ma'aikatan. Su suke auna aikinsu, su gwada hanyoyi, su rubuta wadda ta fi, kowa ya bi ta har sai wani ya kawo wadda ta fi ta. Aikin ya ma fi na da tsauri da ƙa'ida, bambancin shi ne wanda ya rubuta ƙa'idar. Adler ya ruwaito cewa zuwa 1991 fiye da kashi 90 cikin ɗari na ma'aikatan suna kawo shawarar gyara, kuma ana aiwatar da mafi yawansu. Wannan na ƙarshe shi ne muhimmi, domin akwatin shawara da ba a buɗewa ya fi rashinsa ɓarna.

Alkawarin da aka gwada a 1988

Mutum mai hankali ba zai nuna wa kamfani yadda mutum huɗu za su yi aikin biyar ba, muddin yana zaton shi ne na biyar ɗin da za a sallama. Toyota ta san haka, shi ya sa yarjejeniyar NUMMI da ƙungiyar ƙwadago ta ƙunshi sharaɗin cewa ba za a rage ma'aikata ba sai idan rayuwar kamfanin ce ke cikin haɗari, kuma kafin a kai ga haka sai an rage albashin manyan shugabanni an kuma dawo da ayyukan da aka ba 'yan kwangila. Ma'aikatan da suka sha alkawuran General Motors ba su ɗauki wannan da muhimmanci ba da farko. A 1988 kasuwar Nova ta faɗi, masana'antar ta koma aiki da kimanin kashi 60 cikin ɗari na ƙarfinta. A tsohon tsari da an tura ɗaruruwa gida. Ba a sallami kowa ba. An sa waɗanda ba su da aiki a layi cikin horo da ayyukan gyaran tsari har kasuwa ta farfaɗo. Cin abinci a ɗaki ɗaya da manajoji, da soke wurin ajiye mota na manya, duk sun taimaka, amma alamu ne kawai. Abin da ya sa ma'aikata suka gaskata alamun shi ne sun ga kamfanin ya yi asarar kuɗi don ya cika maganarsa.

Jerald Greenberg ya nuna wani ɓangare na wannan a bincikensa na 1990. Wani kamfani a Amurka ya rage albashin ma'aikatan masana'antunsa biyu da kashi 15 cikin ɗari na tsawon mako goma. A ɗaya shugabanni sun zauna sun yi cikakken bayani, sun nuna damuwa, sun amsa tambayoyi. A ɗayar an sanar a taƙaice an tashi. Satar kayan kamfani ta ƙaru a duka biyun, amma ta fi ƙaruwa nesa ba kusa ba a inda ba a yi bayani ba, haka ma masu ajiye aiki. Kuɗin da aka cire iri ɗaya ne, yadda aka ɗauki mutanen ne ya bambanta.

Ai kuɗi ne maganar

Suka ta farko da za a yi wa wannan hujja ita ce mafi ƙarfi, musamman a wurinmu: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa ya koma naira 70,000 a 2024, a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, ko malamin firamaren da ke bin bashin albashin watanni, ba igiya ce damuwarsa ba. Wannan gaskiya ne, kuma tarihi na bayanta. A 1913 masana'antar Ford na asarar ma'aikata har ta kai sai ta ɗauki mutum fiye da uku a shekara kafin ta riƙe gurbi ɗaya. Da Henry Ford ya mayar da ladan yini dala biyar a Janairun 1914, fiye da ninkin na da, guduwar ta ragu ƙwarai. Edward Lazear kuma ya nazarci kamfanin Safelite mai sa gilashin mota, wanda a tsakiyar shekarun 1990 ya koma biyan ma'aikaci gwargwadon gilashin da ya sa, ya gano aikin da mutum ɗaya ke fitarwa ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Duk shugaban da ke wa mutane wa'azin kishin aiki alhali yana riƙe da haƙƙinsu, wasa yake yi da hankalinsu.

Sai dai Fremont ta amsa wannan suka ta hanyar da ba a zata ba. Ma'aikatanta na da, masu shan giya a bakin layi, suna cikin leburorin da suka fi kowa albashi a Amurka a zamaninsu, kuma albashin NUMMI bai yi wani nisa da na sauran masana'antun da ke ƙarƙashin UAW ba. Albashi mai tsoka bai hana lalacewar ba, kuma ba ƙarin albashi ne ya kawo gyaran ba. Wannan ya yi daidai da abin da Frederick Herzberg ya fitar a 1959 daga hira da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh: abubuwan da rashinsu ke sa mutum ƙin aikinsa, irin su albashi da yanayin wurin aiki, daban suke da waɗanda ke sa shi son aikin. An soki hanyar binciken Herzberg, kuma sukar na da tushe, tunda mutane sukan jingina nasara ga kansu su jingina gazawa ga kamfani. Amma a wannan gaɓa Fremont ta mara masa baya.

Batun Safelite kuwa yana buƙatar a karanta shi da kyau. Sa gilashi aiki ne na mutum ɗaya, ana iya ƙirga shi, kuma in ya fashe ko ya yi yoyo an san wanda ya sa. Kusan rabin ƙarin da Lazear ya gani ma ya zo ne daga sauyin mutane, masu sauri suka shigo, masu nawa suka fita. Inda aiki ba ya ƙirguwa haka, ɗaura lada a kan lamba yana haifar da abin da ya faru a bankin Wells Fargo. An ɗora wa ma'aikatan rassa adadin asusun da za su buɗe, ana bibiyarsu kullum, wanda ya kasa ya san makomarsa. Suka riƙa buɗe asusu da sunan abokan hulɗa ba da saninsu ba. A Satumban 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, ya bayyana cewa ya kori ma'aikata kimanin 5,300 a kan lamarin, daga baya adadin asusun da ake zargi ya kai miliyan uku da rabi. Waɗannan ma'aikata ba su rasa zaburarwa ba, ta yi musu yawa ne. Abin da suka rasa shi ne hanyar da za su ce wannan adadi ba zai yiwu ba su kwana lafiya, kuma akwai waɗanda suka ce sun kai ƙara ta layin da bankin ya tanada, aka sallame su.

Wannan ai sai Japan

Suka ta biyu ta al'ada ce. Kafin 1984 manajojin Amurka da yawa sun ce tsarin Toyota ɗan ƙasar Japan ne, ba zai rayu a hannun Ba'amurke ɗan ƙungiyar ƙwadago ba. Fremont ta rushe wannan. Amma za a iya sake ɗaga sukar a kanmu, a ce ma'aikacin Najeriya in ka sakar masa mara sai ya yi barci ko ya yi sata, don haka sa ido da tsoratarwa su ne kawai ke aiki. Akwai shaida a kan wannan, kuma ba ta goyi bayan masu sukar ba. Imran Rasul da Daniel Rogger sun bi diddigin ayyuka kimanin 4,700 na gwamnatin tarayya, irin su rijiyoyin burtsatse da gine-gine da hanyoyi da madatsun ruwa, waɗanda aka ɗauki nauyinsu da kuɗin da aka samu bayan ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Najeriya wani ɓangare na bashinta a 2005, injiniyoyi masu zaman kansu kuma suka je suka duba matsayin kowanne. Fiye da kashi ɗaya bisa uku ba a ma fara su ba. Da suka haɗa wannan da salon shugabancin hukumomi 63 da ke da alhakin ayyukan, sai suka ga hukumomin da ke ba ma'aikatansu damar yanke shawara sun fi kammala ayyuka, waɗanda suka fi dogara da sa ido da lada da horo kuma sun fi barin ayyuka a yashe. An wallafa binciken a 2018. Dole a faɗi iyakarsa: alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa wannan ne ya haifar da wancan ba, kuma yana yiwuwa wasu hukumomin sun tsananta sa ido ne saboda dama can aikinsu ya lalace. Duk da haka, wanda ke da'awar cewa bulala ce kaɗai ke tafiyar da ma'aikacinmu, shi ne yanzu ake bin sa bashin hujja.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ofis. Inda kowane sa hannu zai iya zama abin tuhuma, hanyar tsira ita ce kada ka sa hannu. Fayil ya hau sama a rubuta a duba a ba da shawara, ya sauko a rubuta a ƙara bayani, wata shida ba a haƙa ko taku ɗaya na rijiyar ba, kuma babu wanda za a kama da laifi domin babu wanda ya yi komai. Matsalar da ta fi kusa da mu ita ce ta kunya da girmama na gaba. Ƙaramin ma'aikaci ba ya son ya zama mai kai wa oga labari marar daɗi, sai ya ce an kusa gamawa, ranka ya daɗe, alhali ba a fara ba. Japanawa ma mutane ne masu tsananin girmama na gaba, kuma a nan ne hikimar igiyar take. Ta ɗauke wa yaro nauyin tsayawa gaban babba ya ce akwai kuskure. Ja kawai zai yi, tsari ne ya umarce shi, babban ne kuma zai taso ya same shi. Shugaban asibiti ko makaranta ko ma'aikata ba ya buƙatar igiya ta zahiri. Yana buƙatar wata tsayayyar hanya da kowa ya sani, ko tsayuwar minti goma kowace safiya inda tambayar ita ce me ya tsaya kuma me ya tsayar da shi, ko allon da ake rubuta abin da ya ƙare a sito, da sharaɗin cewa shi zai fara zuwa, kuma abin da aka faɗa jiya za a ji inda aka kwana a kansa yau.

Tsoro da gajiya

Akwai masu cewa tsoro ne ya gyara 'yan Fremont, tunda sun yi shekara biyu ba aiki, sun ɗanɗana talauci, sun dawo da ladabi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma an tace waɗanda aka dawo da su, ba kowa aka ɗauka ba. Tsoro na iya bayyana dalilin da mutum zai zo aiki a kan lokaci. Ba ya bayyana dalilin da zai tsayar da layi, domin matsoraci ɓoye kuskure yake yi. Kuma ingancin ya ɗore shekara ashirin da biyar, har bayan da waɗanda ba su san rufewar 1982 ba suka cika masana'antar.

Sukar da ta fi nauyi ta fito daga cikin 'yan ƙwadago. Mike Parker da Jane Slaughter sun bayyana tsarin a 1988 a matsayin shugabanci ta hanyar matsi: duk daƙiƙar hutun da ma'aikaci ya gano a aikinsa, tsarin zai ƙwace ta ya cika ta da wani aiki, kuma da yake babu ma'aikatan ko-ta-kwana masu yawa, wanda ya yi fashi abokansa ne za su ɗauki nauyinsa, don haka su ne za su matsa masa. Wannan ba ƙage ba ne. Lokacin sauya ƙirar mota a 1993 raunukan hannu da baya sun ƙaru a NUMMI har hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Kalifoniya ta tuhumi kamfanin, kuma Adler da abokan aikinsa sun rubuta a kan haka. Abin lura shi ne gyaran da ya biyo baya ya samu ne saboda akwai ƙungiya mai ƙarfi da hukuma ta waje da suka tilasta shi. Shugaba nagari ma yana buƙatar wanda zai iya ce masa a'a ba tare da izininsa ba, domin ma'aikatan da suka ba da zuciyarsu ga aiki sun fi sauƙin a ci da guminsu.

Abin da ya hana General Motors koyo

Kamfanin da ya shiga haɗin gwiwar don ya koya ya ɗauki shekaru masu yawa bai amfana ba. Ya tura manajoji 16 Fremont, da suka gama sai aka warwatsa su ɗaya-ɗaya cikin kamfani mai ɗaruruwan dubban ma'aikata, kowanne ya zama bare a inda aka kai shi. A lokacin shugaban kamfanin, Roger Smith, ya fi karkata ga zuba biliyoyin daloli a kan mutum-mutumin inji, har aka riƙa ba da labarin waɗanda ke fesa wa junansu fenti a sabuwar masana'antar Hamtramck. An gwada tsarin NUMMI a masana'antar Van Nuys da ke Kalifoniya, ya ci tura, aka rufe ta a 1992. Ma'aikata a can sun ɗauke shi dabarar rage mutane da soke fifikon daɗewa a aiki, tunda ba su da tabbacin da 'yan Fremont suka samu. Foman-foman sun ƙi shi saboda har lokacin da yawan motoci ake auna su, kuma ko an ja igiya an gano cewa wani ƙarfe ne aka ƙera ba daidai ba, manajan masana'antar ba shi da ikon sa sashen zane ko masu kawo kaya su gyara. Wannan ya nuna iyakar abin da shugaba na tsakiya zai iya shi kaɗai: foman ba zai yi haƙuri da mai jan igiya ba muddin shi kansa ana hukunta shi a kan kowane mintin tsayawa, don haka gyaran sai ya haɗa da ma'aunin da ake auna shi da shi daga sama. General Motors ya shigar da darussan cikin tsarinsa a hankali daga shekarun 1990, motocinsa sun inganta, amma ya durƙushe a 2009 ya janye daga haɗin gwiwar. Toyota ta rufe NUMMI a Afrilun 2010 bayan an ƙera motoci kusan miliyan takwas, ma'aikata kimanin 4,700 suka rasa aiki, kamfanin Tesla kuma ya sayi ginin a wannan shekarar.